Minti Goma Sha Ɗaya a Bakin Gada

Litinin, 6 ga Oktoba

Sakataren ƙungiyar tsoffin sojoji ya aiko mini da daftarin littafin da za su buga na cika shekara hamsin da yaƙin gada. Ba don mutunci ba ne, so yake in gyara musu taswirar shafin tsakiya, tunda ya ji a ofishin safiyo nake aiki. Na buɗe a kan teburina ina kurɓar shayi. Shafi na goma sha huɗu, layi na uku daga ƙasa: "Direban tankar da ke gaba ya tsorata, ya taka birki a bakin gada, jerin tankoki ya tsaya cik, igwar abokan gaba ta same su a tsaye. Tanka huɗu suka ƙone, mutum goma sha takwas suka rasu."

Ba su sa suna ba. To me za a yi da suna? Duk wanda ya taɓa sa kaki a wancan zamanin ya san waye Mai Birki. Ubana ne, yana can ɗakin baya na gidana yana zuba wa ƙyauren ƙofa mai.

Shayin nan haka ya huce ban sake taɓa shi ba. Ina aji uku na cire wa wata yarinya haƙori saboda ta kira ni 'yar Mai Birki. Inna, Allah ya jiƙanta, ta zaunar da ni ta ce ƙarya ne, taɓo ne ya riƙe tankar, kafewa ta yi. Shi kuwa Baba bai taɓa cewa uffan ba, ko ranar, ko bayanta.

Na kira Sakatare nan take. Ya ce, "'Yata, haka yake a rahoto. Kawo hujja mu canza. Talatin da ɗaya ga wata muke kai wa maɗaba'a." Magana a baki ta ishe ni shekara arba'in, yanzu kuma a takarda, inda jikokinsa za su karanta? Wallahi ba zai yiwu ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Zan gina yaƙin.

Shekara bakwai ina buga wasan yaƙin tankoki a kwamfuta, uku daga ciki ina gina fage da kaina, ina sa wa mutane su buga. A can sunana Guguwa, ba wanda ya san matar aure ce mai hawan jini. Aikin bai da nisa da na ofis. Ki samo tsohuwar taswira, ki shimfiɗa ta a kan gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowane gida mita hamsin. Ki gaya wa kowane gida abin da yake: titi, gona, ruwa, taɓo. Ki jera tankoki inda tarihi ya ce suna tsaye, ki rubuta abin da za a kira nasara. Kowane zagaye minti ɗaya.

Fage tara na gina, duk yaƙe-yaƙen wasu ƙasashe, na kakannin wasu. Namu na gida ban taɓa kallon inda yake ba.

Idan na gina shi daidai, kuma duk wanda ya buga tankar gaba ta kafe masa, ai hujja ta samu. Maigidan ya ce, "Wato kwamfuta za ki kai wa tsofaffi ta ba da shaida? Za a rantsar da ita?" Na ce ya ci abincinsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Lokacin hutun rana na sauka ɗakin ajiyar tsoffin taswirori. Ɓeraye sun yi karatu sosai a wurin nan. Mai ajiya ya yi ta ƙunƙuni, amma ya zaƙulo mini fallen da aka zana shekara ɗaya kafin yaƙi. Ga kogin, ga fadama hagu da dama, ga titin ya miƙe siriri, ga gadar mai ɗaukar mota ɗaya, ga tudun ƙetare inda igwa shida suke. Na sa yatsa a bakin gadar. Nan ne.

Na daɗe a tsaye har ya tambaye ni ko jiri nake ji.

Asabar, 11 ga Oktoba

Tun da hantsi nake kai, ban ɗaga ba sai la'asar. Gida dubu da ɗari biyu, ɗaya bayan ɗaya, wuyana kamar an ɗora mini dutse. Tanka goma sha biyu a jere. Ta gaban na daɗe ina kallonta, ɗan zane ne da bai kai ƙwayar wake ba. Baba yana ciki, shekararsa ashirin da uku.

Na buga da kaina. Zagaye huɗu na haye, ko ƙwarzane babu. Na sake, na haye. Sau biyar.

Na tashi na wanke kwanukan da an riga an wanke.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na tura wa Likitan Haƙori. Shi ke gwada mini duk fagen da na gina. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban san ƙasarsa ba, na dai san tsakanin marasa lafiya yake bugawa. Na haɗa masa da hoton tsohuwar taswirar kamar kullum. Ban gaya masa na wane ne ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Amsarsa: "Guguwa, wannan ai shan iska ne. Na haye kafin allurar mara lafiyata ta kama. Wane sakarai ne ya faɗi a wannan yaƙin?"

Na rubuta masa amsa mai layi ashirin, na goge. Hannuna har yanzu zafi yake.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ba na iya zama wuri ɗaya. A ofis na zana iyakar fili ɗaya sau uku. A hanyar dawowa na danna wa masu tsallaka titin bakin kasuwa hon har wani dattijo ya tsaya ya yi mini daƙuwa. Su ma dai, sai ka ce titin gadon ubansu ne.

Na canza gidaje uku na bakin gada daga titi zuwa taɓo. Ai Inna ta faɗa, kuma fadama ce a gefe, ba abin mamaki ba ne ruwa ya hau. Tankar ta kafe sau biyu cikin goma. Bai isa ba. Akwai ɗan akwatin da ake rubuta laushin ƙasa, na ƙara lamba. Biyar cikin goma. Na ƙara.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Goma cikin goma.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Shekara biyu da suka wuce wani mai kuɗi ya zauna a gaban teburina ya ce in matsar masa da dutsen iyaka taku shida, ba wanda zai sani. Na ce masa ni ban taɓa matsar da layi ba, ƙofa tana bayansa. Har yau ana ba da labarin a ofis, ni ma ina jin daɗin a bayar.

Ban san me ya tuno mini da shi yau ba. Na sani mana.

Asabar, 18 ga Oktoba

Sakatare ya zo karɓar taswirarsa. Akawu ne a lokacin yaƙi, ina jin ko murfin tanka bai taɓa ɗagawa ba, amma ka ga yadda yake tafiya sai ka rantse shi ya ci yaƙin shi kaɗai. Yana shigowa ya hango Baba a baranda ya ɗaga murya, "A'a, Mai Birki! Kana nan da ranka?" Baba ya miƙe tsaye da gwiwar nan tasa, ya ce, "Na'am, ranka ya daɗe." Na'am! Kamar sunan yanka. Na ji kamar in kifa wa mutumin nan tiren shayi a ka.

Na zaunar da shi gaban kwamfuta. Sau uku tankar tana zuwa bakin gada tana nutsewa, na baya suna cin karo, wuta na sauka. Ya riƙe haɓa. "Tirƙashi! Ashe taɓo ne. To ai idan inji ya faɗa, magana ta ƙare. Rubuto mana layi biyu mu sa a madadin wancan."

Shi ke nan fa. Na ci. Abin da nake so tun ina aji uku ga shi a tafin hannuna.

Da na juyo na ga Baba a bakin ƙofa, ya karkato kunnensa na dama, mai jin. Ya koma kujerarsa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Likitan Haƙori, da na tura masa sabon: "Ya yi wuya yanzu, amma me ya kawo taɓo kan titin nan? A taswirar da kika ba ni alamar tsakuwa ce, kuma an ɗaga shi sama da fadama mita biyu. Ke kika koya mini karanta alamar nan."

Ɗan sa ido. Je ka ciri haƙori.

Laraba, 22 ga Oktoba

Layi biyun sun gagara. Na rubuta "binciken zamani ya nuna", na tsaya. Ina kallon kalmar bincike tana kallona.

Baba ya rage cin abinci. Jiya ya mayar da rabin burodinsa, yau shayin ma kurɓa biyu. Na tambaye shi ko jikin ne, ya ce lafiya lau, Uwata. Maigidan ya ce tun ranar Asabar gidan nan kamar ana jiran sakamakon asibiti.

Asabar, 25 ga Oktoba

Zan rubuta yadda na tuna, kafin ya cakuɗe mini.

Da safe ina shanya Baba ya leƙo ya ce, "Uwata, zo ki nuna mini abin nan naki." Na jawo masa kujera, ya sa tabarau, ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin. Ya gane kogin nan take, ya bi titin da yatsa. Ya ce taswirar ta yi kyau, har bishiyar kwanar tana nan.

Sai ya ce, "Daga ina kike kallo haka?" Na ce daga sama. Ya ce, "Wa ke sama ranar?" Ya haɗa tafukansa biyu a gaban idonsa, ya bar 'yar tsaga da ba ta fi faɗin yatsa biyu ba. "Ga abin da direba yake gani. Wannan kaɗai."

Na kunna. Tankar ta zo ta kafe. Ya yi wata 'yar dariya da ban so ba. "Titin nan a bushe yake ƙamas. Ko keke ba zai kafe ba." Na ce Inna ce ta ce. Ya ce, "Uwarki ta gaya miki abin da yarinya mai haƙorin mutane a hannu za ta iya ɗauka. Ta san gaskiyar."

Sannan ya ɗora yatsa a kan gadar. "Ina mutanen?"

Na ce waɗanne mutane, Baba?

Ashe gadar cike take maƙil. Mutanen ƙauyukan ƙetare ne suke gudowa daga inda ake harbi, suna tahowa ta wajen tankokin. Ba hanyar kaucewa, kogi hagu kogi dama. Ya ce a cikin tanka ba a jin magana don ƙarar inji, saboda haka kwamanda yana zaune sama da direba, da ƙafa yake ba da umarni. Ya taka kafaɗar hagu, ka yi hagu. Ta dama, dama. Ya taɓa ka a ka, tsaya. Ya doki tsakiyar baya, wuce. "Ya doki bayana. Na taka birki. Ya sake doka. Ya yi ta duka da takalmin nan har na ji abu ya yi ƙara a ciki." Shi ne ciwon bayan da na tashi ina ganin Inna tana gasa masa, muna cewa tuƙin babbar mota ne.

Na ce mutum nawa ne a kan gadar? Ya ce bai sani ba, ta tsagar nan mutum ɗaya ya gani sosai. Wata mata ce ɗauke da kan keken ɗinki a ka, ta riƙe shi da hannu bibbiyu, ba ta ko kallon tankar, ƙafafunta take kallo kada ta faɗi. "Na ce a raina, wannan ko gidanta ya ƙone tana da niyyar ta yi ɗinki gobe."

Minti goma sha ɗaya suka yi a tsaye. A cikinsu igwa ta gama auna su. Na bayansa ba abin da suke gani sai bayan tankarsa da hayaƙi, su suka ba da rahoto. Sauran biyun da ke cikin tankarsa sun daɗe da rasuwa.

Na miƙe tsaye, na ce to ai wannan ya fi taɓo! Wannan za a rubuta, a yau ɗin nan! Ya ce zauna. Tun ina yarinya rabon da ya yi mini wannan muryar.

Ya ce da kwamandan ya ga dukan bai yi ba, sai ya buɗe murfi ya diro, ya shiga cikin mutanen da ƙafa, yana ja, yana turawa, yana ɗaukar tsofaffi yana direwa a gefen titi. A nan ɓarɓashin igwa ya same shi. "To wanne za ki rubuta? Wanda ya ce in bi ta kansu, ko wanda ya sauka ya kwashe su? Mutum ɗaya ne. 'Ya'yansa suna zuwa taro kowace shekara da hotonsa a hannu. Ba da bakina za su ji na farkon ba."

Na ce sun rubuta ka tsorata fa. Ya ce, "Na tsorata mana. Har yau in na tuna ƙafar nan rawa take. Kuma mutane sun ƙone a bayana saboda na tsaya, wannan ma ba ƙarya ba ne."

Ya ce idan gyara nake so akwai kuskure ɗaya a shafin, tun da na karanta wa maigidan a falo ya ji shi. Ba sha takwas ba ne, sha tara ne. Akwai wani makaniki da aka aro daga wata runduna da asubar ranar, yana zaune a bayan tanka ta uku da akwatin sifanarsa. Ba ya cikin jerin sunayen akawu, shi ya sa ba a taɓa ƙirga shi ba. Baba ya san sunansa da na ƙauyensu, don sun raba sigari ɗaya kafin a tashi. "Shi za ki sa a gyara mini, Uwata."

Ya cire tabarau ya tafi neman gwangwanin mansa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Haushinsa nake ji, kuma zan faɗa tunda ba mai karantawa. Ya rufa wa 'ya'yan wani asiri, tasa 'yar fa? Ni wa ya tambaye ni ko zan iya ɗauka? Bulala goma sha biyu na sha a gaban makaranta saboda haƙorin nan. Ranar da dangin maigidan suka zo tambayar aurena sai da wani kawunsu ya yi raɗa, na ji shi da kunnena. Shekara arba'in ina kare taɓon da babu shi.

Na share falo, na sake sharewa. Na fita ba inda za ni, na zagaya layinmu na dawo.

Har yanzu layi biyun Sakatare suna hannuna. Ba wanda zai hana ni. Baba ko karanta ƙananan rubutu ba ya iyawa yanzu.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na yanke kwalin sabulu, na huda tsaga faɗin yatsa biyu, na manna a fuskar kwamfuta, na buga a haka. Subhanallahi. Ba ka ganin tudun, ba ka ganin na bayanka, ba ka san daga ina wuta ke zuwa ba. Minti uku na yi na cire shi, numfashina ya ɗauke.

Maigidan ya shigo ya gan ni da kwali, ya ja mini ƙofa.

Talata, 28 ga Oktoba

Na mayar da gidaje ukun titi. Tsakuwa, busasshiya.

Sai ga wata matsala: wasan ba shi da mutane. Na bi jerin kaf. Tankoki iri ɗari da wani abu, igwa, sojan ƙasa, motar mai, har babur na ɗan aike, amma mace da keken ɗinki babu. Shekara bakwai ina bugawa ban taɓa lura ba. Garuruwa nawa na ratsa da tankokina, duk ba kowa a ciki, ban taɓa tambayar ina suka tafi ba.

Na ɗauki amalanken kaya, shi ne mafi jinkiri kuma ba shi da makami, na jera guda goma sha ɗaya a kan gadar suna tahowa. Kowane abu a wasan sai an rubuta makinsa, abin da za ka rasa idan ya halaka. Tanka hamsin ce. Na zauna gaban akwatin nan har aka kira ni ofis ana tambayar ko lafiya. Hamsin? Ɗari? Ɗaya? Na bar sifili, don shi ne abin da rahoton ya ba su.

Idan tanka ta shiga gidan da amalanke yake, ɓacewa yake kawai. Ko ƙara babu.

Laraba, 29 ga Oktoba

Likitan Haƙori ya ci a zagaye biyar, maki cikakke. "Amalanken nan ado ne? Na bi ta kansu."

Na gaya masa ko su waye. Ban ce ubana ba ne, na ce wani direba ne ya ba ni labari. Na gaya masa har keken ɗinkin. Ya karanta, bai amsa ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ya turo sakamako da rana. Zagaye goma sha ɗaya a tsaye, tanka huɗu sun ƙone, wasan ya rubuta masa mummunar faɗuwa da jan rubutu. A ƙasa ya sa: "Na san zane ne. Na kai yatsa sau uku na kasa dannawa. Ki gaishe mini da direban idan yana raye."

Huɗu. Ban taɓa lambar komai ba wannan karon, wallahi ban taɓa ba.

Na shiga banɗakin ofis na kunna famfo don kada a ji.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na sami Sakatare a ofishinsu yana ɗaure takardu. Na ce maganar taɓo a janye, kuskurena ne, ni na lausasa ƙasar da hannuna. Ya zare tabarau ya kalle ni. "Inji ma yana ƙarya?" Na ce inji ba ya yi, mai shi ke yi.

Na miƙa masa takardar da Baba ya sa na rubuta, suna da ƙauye. Ya yi ta mita, wai an riga an jera shafi, wai shekara hamsin sha takwas ake faɗa. Na ce ba zan ba da taswirar tsakiya ba sai na ga sha tara da idona, kuma ina da yinin nan gaba ɗaya. Na ja kujera na zauna, na ɗora jakata a cinya. Kafin azahar ya buga wa maɗaba'a waya.

Ina fita ya ce, "To layin tsoron fa, 'yata?"

Na ce a bar shi. Bakina ɗaci har yanzu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Taron. Na goge wa Baba farar rigarsa, na kai shi. Zaure mai fanka biyu, ɗaya ba ta aiki, tsofaffi da sanduna. Mutum uku suka kira shi Mai Birki kafin mu sami wurin zama, na ƙirga. 'Yar kwamandan tana layin gaba, sa'ata ce, ta rungume hoton a ƙirji. Saurayi ne mai gashin baki, kyakkyawa. Na kalli hoton na daɗe, na nemi haushi ban samu yadda nake so ba.

Da aka zo karanta sunaye na ga leɓen Baba yana motsi, yana riga mai karantawa kowane suna. Bayan na sha takwas bakinsa ya ci gaba shi kaɗai, da alama haka ya saba yi duk shekara. Sai lasifika ta faɗi sunan tare da shi. Ya ɗago kai firgigit. Ya damƙe hannuna har zobe ya shige mini nama, bai sake ni ba sai da aka tashi.

A mota ya ce fankar nan man inji kawai take so.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na ɗora fagen inda kowa zai iya bugawa. Makin amalanke yana nan sifili, na kasa samo lamba. A wurin bayani layi ɗaya na rubuta: akwai mutane a kan gadar. Kowa ya yi abin da ya ga zai iya.

Littafin yana kan firji, ban sake buɗe shafi na sha huɗu ba, kuma ban huce ba, kada ma a ce na huce.

Wajen ɗorawa akwai akwatin sunan wanda ya gina. Guguwa ɗin ta daɗe da isata, dama sunan yara ne, ba wani abu ba. Likitan Haƙori har ya turo yana tambayar wace ce kuma wannan 'Yar Mai Birki da ta sace mini fage.

Ban amsa masa ba tukuna. Baba yana kira, wai in zo in riƙe masa ƙyaure.